Na sa wa Hilux ƙwayayen LED, wuta ta rikice: daga ina zan fara?

Wa alaikumus salam, Malam. Ga yadda na fahimci bayaninka. Hilux ɗinka ƙirar 2012 ce, wadda ake ce wa Vigo. Ka cire ƙwayayen fitilar gaba na asali, ka sa na LED masu fanka a ƙeya. Ranar da ake sakawa fiyus ya ƙone, yaron da ya yi aikin ya sauya shi da babba. Tun daga nan shuɗiyar alamar ful layit ta daina kamawa a dashbod, ƙwan dama yana dusashewa yana ƙiftawa idan ka yi kamar rabin awa kana tafiya, rediyo tana cika da shuu da zarar ka kunna fitila, kuma masu tahowa suna ta haska maka ful alhali kana kan dim. Wani ya ce maka altaneta ce, wani ya ce birenbos, wato kwamfutar mota, mai shago kuma ya ce ka dawo ka sayi abin da suke kira kanbos. Kana tambayar wanne za ka fara saya.

Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Abin da za ka fara yi ba ya cin ko sisi: mayar da tsofaffin ƙwayayen. Idan an yar da su, nemi irinsu, wato ƙwan halojin samfurin H4, guda biyu masu rubutun 60/55W, ka riƙe su ta gindin ƙarfen, kada yatsa ya taɓa gilashin, domin maiƙon hannu yana rage musu kwana. Ka saka, ka fita da motar da daddare na rabin awar nan. In shuɗiyar alama ta dawo, rediyo ta washe, ƙiftawa ta tsaya, to ka wanke altaneta da birenbos daga zargi a dare ɗaya, ka san rigimar tsakanin sabon ƙwai ce da wayarin motar. In kuwa wani abu ya rage ko da tsohon ƙwai, to wannan ciwon yana jikin motar, ko dai tun da can, ko kuma hannun da ya yi aikin ne ya bar shi. Na ga mutane da yawa sun tsallake wannan matakin sun tafi sayen kaya, kuma mafi yawan kayan da suka saya ba su da alaƙa da matsalar.

Dalilin da ya sa abu ɗaya ya haifar da ciwo huɗu shi ne, abin da ka cire da abin da ka saka sunansu ne kawai ɗaya. Tsohon ƙwan halojin siririn zaren ƙarfe ne a cikin gilashi. Wuta ta bi ta cikinsa, ya yi zafi, ya yi haske. Bai damu da ta wane ɓangare wutar ta shigo ba, kuma ko a kashe yake, zaren yana nan a matsayin hanya da ƙaramar wuta za ta iya ratsawa. Yana jan amfiya 4 da rabi zuwa 5. Shi kuwa LED ƙaramar na'ura ce sukutum: akwai 'yan ƙwayoyin da ke haske, akwai akwatin da ke daidaita musu wuta, akwai fanka. Yawancin waɗanda na auna da hannuna suna jan amfiya 2 zuwa 3 ne, komai girman lambar da aka buga a kwalinsu. Injiniyoyin da suka zana wayarin motarka sun zana shi ne da sanin cewa akwai zare a wurin, har suka jingina wasu ayyuka a kansa. Da ka cire zaren, waɗannan ayyukan suka rasa madogara.

Bari in fara da shuɗiyar alamar, domin a nan ne Toyota ta bambanta da yawancin motoci, kuma a nan ne yara masu koyon aiki suka fi faɗawa rami.

Ƙwan H4 ƙafa uku gare shi. Ta sama, wadda ke tsakiya, ta dim ce. Biyun da ke gefe, ɗaya ta ful ce, ɗaya kuma ta tarayya, wadda zaren dim da na ful suka haɗu a kanta. A yawancin motoci wannan ƙafar tarayya ita ce at, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin ƙarfen mota ta koma kan batir na nagetif, makunni kuma yana aiko da fozitif zuwa dim ko zuwa ful. A Hilux masu H4 da ire-irensu na Toyota, abin a juye yake. Ƙafar tarayya ita ke ɗauke da fozitif daga rile (ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa don ya saki babba) ta cikin fiyus, sandar da ke jikin sitiyari kuma at take bayarwa, ko ga dim ko ga ful. Wannan ya bayyana min yadda fiyus ɗinka ya ƙone. Ina kyautata zaton yaron ya ɗauki ƙafar tarayya a matsayin at kamar yadda ya saba, ya taɓa ta da jikin mota, fozitif ya haɗu da ƙarfe kai tsaye. Fiyus ya yi aikinsa. Kuskuren da ya fi wannan shi ne babban da ya saka a madadinsa. Buɗe akwatin fiyus da ke cikin bonet, a bayan murfin an rubuta lambar da ta dace da fitilar hagu da ta dama, ka mayar da daidai wannan lambar yau ɗin nan. Fiyus waya yake karewa, kuma wayar ba ta ƙara kauri ba don an sauya ƙwai. Tunda ma LED bai kai tsohon ƙwai jan wuta ba, babu wani dalili a duniya da zai sa ya buƙaci fiyus mafi girma.

Kada ka ɗauki maganata kawai, ka tabbatar da mitar auna wuta. Zare soket ɗin fitilun duka biyu, hagu da dama, domin in ka bar ɗaya a jone wuta za ta zagayo ta cikinsa ta ruɗa ka. Sa mita a ma'aunin bolt 20, baƙar waya a kan batir na nagetif, ka kunna fitila, ka riƙa zura jar wayar cikin ramukan soket ɗin ɗaya bayan ɗaya, wani yana sauya maka dim da ful daga ciki. In ka ga rami ɗaya yana nuna bolt 12 a dim, yana nuna bolt 12 a ful, bai motsa ba, sauran biyun kuma babu komai, to motarka mai sauya at ce kamar yadda na faɗa. In wutar tana tsalle daga wannan rami zuwa wancan, to mai sauya fozitif ce.

To ina shuɗiyar alamar ta shigo? A wannan tsarin na Toyota, ɗan ƙwan da ke dashbod a jone yake tsakanin wayar dim da at. Lokacin da kake kan dim, wayar dim ɗin kanta at ce, saboda haka ɗan ƙwan yana da at ta kowane ɓangare, ba ya kamawa. Da ka tura sanda zuwa ful, sai makunni ya saki wayar dim. Fozitif ɗin da ke ƙafar tarayya sai ya ratsa ta cikin zaren dim, wanda yake a kashe, ya biyo waya har dashbod, ya kunna shuɗiyar alamar. Wutar da ke bi kaɗan ce ƙwarai, ba ta isa ta sa zaren ya yi ja ba, amma ta ishi ɗan ƙwan dashbod. Dabara ce mai kyau da ta rage musu waya guda. Yanzu da babu zare, babu gadar da wutar za ta haye. Ƙwan dashbod ɗinka lafiyarsa ƙalau, kada ka bari a kwance maka dashbod a kansa.

Ga gwajin da nake yi a gaban mai mota don ya gani da idonsa. Ina ɗaukar ƙaramin ƙwan fakin mai wat 5, in jona masa waya biyu, in taɓa ɗaya a ƙafar tarayya, ɗaya a ƙafar dim, LED ɗin yana jone a wurinsa. In ce a tura ful. Nan take shuɗiyar alama ta bayyana. Maganin dindindin shi ne a bar wani abu a wannan gurbin ya tsaya a madadin zaren: ko rizista, wato 'yar na'urar da ke rage gudun wuta, mai kimanin om 27 zuwa 33 wadda za ta iya ɗaukar wat 10 ko fiye, ko shi wannan ƙaramin ƙwan a cikin gidansa, a ɗaure shi inda ba zai taɓa roba ba. Gefe ɗaya ya wadatar. Ka lura, duk lokacin da kake kan dim wannan rizistar tana ɗauke da cikakkiyar wuta, tana fitar da zafin wat 6 zuwa 7, saboda haka jikin ƙarfe za a ɗaura ta. Kuma kada ka raina alamar nan ka ce ai fitila na kamawa. Wanda bai san yana kan ful ba shi ne yake makantar da mai tahowa ba da niyya ba.

Tunda ƙwayayenka suna ba da dim da ful duka, alama ce cewa irin waɗanda ba su damu da juyin fozitif da nagetif ba ne, ka yi sa'a a nan. Akwai waɗanda suka damu, kuma a Toyota ko dai su ƙi kamawa sam, ko su ba da dim su hana ful. Masu irin wannan ba sa gyaruwa da musanya ƙafafu biyu a soket, domin ƙwan yana neman nagetif ɗaya da fozitif biyu, motar kuma tana ba shi fozitif ɗaya da nagetif biyu. Sai dai a sa rile biyu a juya tsarin, ko a mayar wa mai shago kayansa a karɓo wanda ya dace.

Yanzu ƙwan dama da ke dusashewa. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne rabin awar nan. Ciwon da ke jiran lokaci kafin ya taso, kusan kullum zafi ne. Kuma tunda gefe ɗaya ne, altaneta ta ƙara nisa da zargi, don ita ba ta san hagu da dama ba, duka biyun take ciyarwa.

Musanya su. Na dama ya koma hagu da akwatinsa da komai, na hagu ya dawo dama. In ciwon ya bi ƙwan zuwa hagu, ƙwan ne. In ya tsaya a dama, wayarin wannan gefen ne ko yanayin wurin.

Mutane suna ɗauka LED ba ya zafi saboda gilashin gaba yana zama da sanyi. Zafin yana nan, ta baya yake fita, kuma shi LED ba ya jure shi kamar zare. Shi ya sa aka manna masa fanka. Idan zafi ya yi yawa, akwatin da ke daidaita wutar yana rage ƙarfi da kansa don kada ƙwayoyin su ƙone, wani kuma yana yankewa ya dawo, ya yanke ya dawo, wanda kai kake gani a matsayin ƙiftawa. An taɓa kawo min wata Hilux da ke zirga-zirgar kai kaya ƙauyuka a tsakiyar hunturu, da irin wannan kukan. Da na zaro ƙwan, fankar ba ta ko motsi. Jar ƙura ta haɗu da ɗan maiƙo ta daskare a tsakanin fukafukanta kamar an shafa yumɓu, sai da na sa tsinke na kankare. Na hura mata iska, na ba ta wuta, ta juya tana gurnani, alamar gindinta ya riga ya ci. Waɗannan fankokin ƙanana ne, ba a yi su don hanyar burji da hazon hunturu ba. Kunna fitila, inji a kashe, ka kai kunnenka bayan kowane gida. Ya kamata ka ji siririn sauti iri ɗaya a duka biyun. In na dama shiru, ko yana kakarewa, ka samo shi.

Sai maganar robar da ke rufe bayan gidan fitila. Masu sakawa suna yin ɗayan biyu: ko su cusa fankar a cikin robar ta rasa iskar shaƙa, ko su yar da robar gaba ɗaya saboda ta hana ƙwan zama. Na biyun ya fi muni, don ƙura da ruwan damina za su shiga gidan, madubin ciki ya dushe, kuma wannan madubin ba ya gyaruwa, sai sabon gida. Yadda ya dace, a zare zoben ƙwan a ɗaure shi da maƙallin waya, a mayar da robar a mazauninta, sannan a zura jikin ƙwan ta tsakiyarta, fanka ta kasance a waje tana samun iska.

In ciwon ya tsaya a dama bayan musanya, dubi soket ɗin da kyau a cikin haske. Motocin da aka taɓa sa wa ƙwan 100/90W don neman ƙarin haske, za ka tarar robar soket ɗin ta yi ruwan ƙasa, ta yi gautsi, 'yan maƙallan tagullar da ke ciki sun saki. Ƙafar ƙwai tana shiga ba tare da an matsa ba. Irin wannan haɗin yana riƙewa in da sanyi, ya saki in ya ɗumama ko an faɗa gargada. Tsohon ƙwai yana ɓoye wannan, domin zare ba ya hucewa nan take, yankewar ɗan lokaci ba ta bayyana a ido. LED kuwa yana mutuwa ya farfaɗo a daidai lokacin da wutar ta yanke ta dawo, duk wani sako-sako sai ya tona shi. Soket sabo ba shi da tsada. A yanke tsohon, a haɗa sabon da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif shi ne aikin da ke dawowa bayan wata biyu.

Ka kuma auna asarar wuta a hanya, fitila tana kunne, ƙwai a jone. Jar wayar mita a kan batir na fozitif, baƙar a bayan ƙafar tarayya: abin da ta nuna shi ne abin da ya zube a tsakani. Sannan baƙar a kan batir na nagetif, jar a bayan ƙafar dim. Kowanne ya haura rabin bolt, akwai datti ko tsatsa a wani haɗi. A tsarin Toyota, at ɗin fitila yana yin doguwar tafiya, ya shiga cikin mota, ya ratsa makunnin sitiyari, kafin ya sauka a jikin ƙarfe, saboda haka tsufan makunnin ma yana iya zama sanadi. Wannan gwajin ya fi fitowa sarai da tsohon ƙwai a jone, don shi ne ke jan wutar da za ta fallasa raunin.

Altaneta kuwa minti biyu ya isa a sallame ta. Batir mai lafiya da ya kwana yana nuna kusan bolt 12.6. Inji yana aiki, fitila da fankar ciki a kunne, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, lambar a tsaye ba tana hawa da sauka ba. Hanya ɗaya da altaneta ke sa LED rawa ita ce idan ɗaya daga cikin dayod ɗinta ya mutu, wutar ta riƙa fitowa da tangarɗa. Amma a lokacin fitilun biyu ne za su yi rawa tare, kuma rawar za ta sauya in ka taka totur. Naka ba haka yake ba.

Shuu ɗin rediyo daga akwatin LED yake fitowa. Yadda yake rage wuta shi ne yana yanka ta yana haɗawa sau dubbai masu yawa a cikin daƙiƙa guda, wannan yankan kuma yana watsuwa kamar ƙaramar tashar rediyo, wayoyin fitilar su zama eriyarsa. Kamfanonin kirki suna sa matattara a ciki su rufe akwatin da ƙarfe, masu araha kuma a nan suke rage kuɗi. Za ka fi jin sa a tashar da ke nesa, in ka bar gari. Zare ƙwai ɗaya ka saurara, ka mayar ka zare ɗayan, wani lokaci guda ɗaya ne mai laifin. Abin da ke taimakawa shi ne zoben nan baƙi mai nauyi da ake maƙalawa a waya, irin kumburin da kake gani a jikin wayar cajar kwamfuta, ana ce masa ferayit. A maƙala shi dab da akwatin, ta ɓangaren da wuta ke shigowa, in waya ta isa a zagaya ta cikinsa sau biyu. A kuma nisanta akwatin da wayar eriya. Gaskiyar magana, yana ragewa ne, ba kullum yake kashewa ba. Ƙwan da aka ƙera ba matattara, sauya shi ne magani. A wasu motocin wannan hayaniyar har rimot ɗin buɗe ƙofa take rage wa nisa.

Batun kanbos da mai shago ya ce ka saya, a motarka ban ga aikin da zai yi wa ƙiftawar ba. Sunan ma aro ne. CAN hanya ce da kwamfutocin mota ke magana da juna, kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986, kuma ba ta bi ta wayar ƙwan fitila. Abin da ake sayarwa da wannan suna rizista ce, wani lokaci da kafasita, a cikin ɗan akwati. Inda yake da amfani shi ne motocin da kwamfuta ce ke ba fitila wuta kai tsaye tana kuma auna abin da ƙwan ke ja, irin su Volkswagen Amarok da sababbin Ford da Ram. A can, in kwamfuta ta ga amfiya 2 inda take jiran 5, sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta kunna gargaɗi ko ta yanke layin. Wasu kuma suna aiko da wutar a yanke-yanke da sauri, zare ya shanye bai nuna ba, LED ya riƙa ɓari. Haka wasu motocin da aka shigo da su daga Amurka da Kanada, masu kunna fitilar gaba da rana da ragaggen ƙarfi, LED yana rawa a kansu da rana ya daidaita da dare. Fitilar Vigo rile ne da fiyus da makunni. Babu kwamfutar da ke lissafa mata wuta, balle a yaudare ta.

Ina jan kunne a kan rizistocin nan saboda abin da na gani. Wadda aka fi sayarwa mai ruwan zinariya ce, om 6, wat 50. A bolt 14 tana jan amfiya 2 da ɗoriya, tana mayar da fiye da wat 30 zafi zalla, zafin da zai tashi fatar yatsa. An kawo min wata mota da aka naɗe irin wannan da salatif aka ɗaure ta a jikin damin wayoyin da ke bayan fitila. Mai motar ya ce yana jin ƙaurin roba in ya yi tafiyar dare. Da na warware, rigar wayoyi huɗu ta narke sun manne da juna, tagulla tana leƙowa, saura ƙiris fozitif ya sami at. Allah ne ya tsare, don da babban fiyus irin naka a layin, gobara ce. Duk wanda dole sai ya sa ta, ya ɗaure ta da sukurori a jikin ƙarfen mota, nesa da waya da roba da tiyo.

Idan gwaji ya nuna wayarin motar ya gaji, gyaran da na fi yarda da shi shi ne sabon layi mai rile biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful. Wuta ta taso daga batir da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, fiyus a dab da batir ɗin, ta shiga ƙafar da aka rubuta wa 30 a jikin rile, ta fita ta 87 zuwa ƙwai. Tsohon soket ɗin mota ya zama mai ba da umarni kawai, a kan 85 da 86: ƙafar tarayya mai fozitif zuwa 86, wayar dim ko ta ful zuwa 85. Kowane ƙwai ya sami at gajere a jikin ƙarfen da aka kankare fenti. Ba a yanka wayar mota ko ɗaya, in ka ga dama gobe ka zare ka koma yadda kake. Ko da wannan, 'yar rizistar shuɗiyar alama tana nan a buƙace.

Na bar maganar masu haska maka ful a ƙarshe, amma ita ta fi damuna, don sauran duka kai kaɗai suke wahalarwa, wannan kuwa ran wani ne a ciki. Madubin da ke gidan fitilarka an lanƙwasa shi ne daidai da zaren da ke zaune a wani takamaiman wuri, kuma a ƙarƙashin zaren dim na H4 akwai ɗan kwanon ƙarfe da ke tare hasken da zai tashi sama. In ƙwayoyin LED ba su zauna daidai inda zaren yake ba, ko allon da suke kai ya yi kauri, haske zai watse, kai ka ga gabanka fari tas ka ji daɗi, mai tahowa kuma ya rasa ganin gefen titi, inda mai keke ko mai tafiya a ƙasa yake. Ka tsayar da motar a fili mai shimfiɗa, mita 10 daga bango, da daddare. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi a bangon da alli a wannan tsayin. A dim, ya kamata ka ga iyaka a fili, haske a ƙasa, duhu a sama, iyakar tana ƙasa da layin allinka da santimita 10 zuwa 12, tana ɗan ɗagawa ta hannun dama, ɓangaren da muke tuƙi. Ƙwayoyin su kalli hagu da dama, kamar ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a agogo, 'yan kwanukan suna ƙasa. Yawancinsu ana iya murɗa su a cikin zoben har iyakar ta fito. Ka tuna kuma motar ɗaukar kaya ce: in ka loda buhuna a baya, gindi ya zauna, hanci ya ɗaga, fitilar da ke daidai da safe ta koma cikin idon mutane.

In ka murɗa ta kowace fuska iyakar ta ƙi fitowa, haske ya zama dunƙule ɗaya a bango, to wannan ƙwan bai dace da gidan ba, kuma babu rile ko rizistar da za ta gyara shi. A irin wannan ni shawarata ita ce ka cire shi. Ƙwan halojin mai kyau na 60/55W, da sabon layin rile da ke kai masa cikakkiyar wuta, da gilashin gaba da aka goge ya washe, yana ba da hasken da zai ba ka mamaki, kuma launinsa mai ɗan rawaya ya fi farin nan mai shuɗi-shuɗi daɗin ido a cikin hazo da ruwan sama. A Birtaniya tun 2021 yawancin motocin da aka sa wa LED a gidan halojin suna faɗuwa gwajin lafiyar mota na shekara, saboda wannan watsuwar hasken.

Ka fara da fiyus da tsofaffin ƙwayaye yau, gobe ka yi musanyar hagu da dama. In ka rubuto min, ka haɗo da abin da mita ta nuna a ramuka ukun soket a dim da ful, da abin da batir ya nuna inji yana aiki, da kuma gefen da ƙiftawar ta koma bayan musanya. Allah ya tsare hanya.